TPM na aiki, amma PCR 10 sifili ne

Ƙananan na'urori ne na Raspberry Pi 4 da muke ajiyewa a wuraren da aka kafa sola, a Kakuri da Kawo da Rigasa a Kaduna, suna karanta inbata suna turo bayanai. Ɗakunan da suke ciki kowa na shiga, kuma cire memori a sa wata ba ya cin minti ɗaya. Shi ya sa muka ɗora wa kowace na'ura ƙwayar tsaro ta TPM 2.0 ta Infineon, SLB9670, a kan layin SPI da ke haɗa ta da na'urar, muka kunna IMA, sashen da ke auna fayiloli kafin a yi amfani da su, a kanel, wato zuciyar Linux, domin sabarmu, kwamfutar da ke karɓar bayanan, ta riƙa tantance abin da ya gudana a na'urar kafin ta karɓi bayananta.

Ɗora ƙwayar ba wahala: dtoverlay=tpm-slb9670 a config.txt, sai /dev/tpm0 da /dev/tpmrm0 suka bayyana. Umarnan tpm2-tools duk suna amsawa. Fayil ɗin ascii_runtime_measurements da ke /sys/kernel/security/ima ya cika da awon fayiloli, layi bayan layi. Duk wanda ya duba zai rantse komai daidai ne. Amma tpm2_pcrread sha256:10, umarnin da ke karanta PCR 10, gurbin da IMA ke tara awo a cikin TPM, ya dawo da sifili zalla.

Dalilin layi ɗaya ne a dmesg, jerin saƙonnin kanel, layin da ke wucewa cikin ɗaruruwan layuka: No TPM chip found, activating TPM-bypass! IMA na neman TPM sau ɗaya tak, a matakin late_initcall, kafin kanel ya tayar da init, manhajar farko da ke tashi. In bai same shi a lokacin ba, ya haƙura har sai na'urar ta sake tashi. Zai ci gaba da rubuta jerin awo a memorin aiki, amma ba ya shigar da ko ɗaya cikin PCR 10, kuma boot_aggregate, layin farko na jerin, sifili ne. Jerin da babu TPM a bayansa, duk wanda ya zama root, mai cikakken iko a na'urar, zai iya turo wa saba na ƙarya. Bayan 'yan daƙiƙu udev, manhajar da ke kula da kayan da aka haɗa, zai loda modul, wato direban da ba a gina cikin kanel ba, /dev/tpm0 ya fito fes, amma bakin alƙalami ya bushe. Abin da ke ba ni haushi har yau shi ne babu abin da ya tsaya, babu abin da ya faɗi. Tsaro ya mutu shiru, na'ura na ta aikinta.

Masu aiki da kwamfutocin Intel da AMD ba su cika gamuwa da wannan ba, don CONFIG_IMA da kansa yake jawo TCG_TPM, ya jawo TCG_TIS a x86, da TCG_CRB inda akwai ACPI, ya mayar da su =y, wato ginannu a cikin kanel. Direban TPM na SPI ba ya cikin waɗanda yake jawowa. Saboda haka sai ka sa CONFIG_TCG_TIS_SPI=y da hannunka.

Na sa, na sake gina kanel, PCR 10 na nan sifili. Nan ne tarkon yake. Direban TPM na cikin kanel, amma direban layin da ƙwayar ke kai, CONFIG_SPI_BCM2835, yana =m, wato modul ne. Kconfig, tsarin saita kanel, ba ya ƙorafi, domin abin da TCG_TIS_SPI ya dogara da shi CONFIG_SPI ne kawai, shi kuma a kunne yake. Direban TPM ya yi rajista yana jiran ƙwayar, ƙwayar kuwa ba ta bayyana wa kanel ba sai an loda spi_bcm2835 daga memori. Dole dukan sarƙar ta shiga kanel: direban ƙwaya, direban layi, da duk abin da layin ke buƙata, agogo da DMA da fil-fil na GPIO. In ɗaya daga cikinsu ya makara, kanel zai ɗage haɗa direban SPI zuwa zagaye na gaba, kuma wannan zagayen na iya zuwa bayan IMA ya gama dubawa. Hanyar ganewa: sa initcall_debug a cmdline.txt, ka duba lokutan dmesg. Layin tpm_tis_spi mai cewa 2.0 TPM dole ya riga layukan ima fitowa. Ka kuma leƙa modules.builtin a /lib/modules, kada ka yarda da abin da kake zaton ka rubuta a .config.

Wani abokin aiki ya ce mu cusa modul ɗin a initramfs kawai, wato ƙaramin tarin fayilolin da ake lodawa tare da kanel. Ba ya warware wannan, domin modul na initramfs sai init ya tashi ake loda shi, IMA kuwa ya riga ya wuce. Amma shawararsa tana da wurinta. In buɗe LUKS, makullin da ke ɓoye bayanan memori, kawai kake so da TPM, ta clevis ko systemd-cryptenroll, manhaja ce ke tambayar ƙwayar, ba kanel ba, don haka modul a initramfs ya isa, muddin ka saka duka biyun, tpm_tis_spi da spi_bcm2835. Tambayar da nake yi yanzu kafin in zaɓi =y ko =m ita ce wa zai fara buƙatar na'urar, kanel ko manhaja.

Ginawa a ciki ma yana da kuɗinsa. Babu rmmod na cire modul, babu gwada direba ba tare da sake tashi ba, saitunansa sun koma cmdline.txt, kuma gyara kaɗan na nufin sabon kanel ga kowace na'ura, wanda da intanet ɗin wasu unguwanni ba wasa ba ne. Don haka sauran direbobi na bar su modul, da CONFIG_MODULE_SIG_FORCE, kanel ya ƙi duk wanda ba mu sa wa hannu ba.

A garin da ake ɗauke wuta ba sallama, batir ya ƙare na'ura ta tashi da kanta cikin dare, gwajin tashi ɗaya a kan tebur bai isa ba. Na cire wuta na mayar sau da dama ina karanta PCR 10. Sannan na sa saba ta ƙi duk na'urar da boot_aggregate ɗinta sifili ne ko PCR 10 bai dace da jerin awo ba, kuma rubutun gina kanel yana tsayawa in ya ga =m a gaban ɗaya daga cikin waɗancan direbobi biyu.