Da 'Yan Ajina a Bakin Gulbin Argungu

Motar makaranta ta bar Birnin Kebbi da hantsi, cikin hazon Janairu, cike da 'yan ajin share fage masu shekara huɗu zuwa biyar, kowa an mulke shi da mai an cusa shi cikin rigar sanyi. Ni da abokiyar aikina da wasu iyaye mata ne 'yan rakiya. Littafin da muke koyarwa da shi ne ya jawo tafiyar. Yana da shafi guda na halittun ruwa, duka na teku: ƙaton kifi mai feso ruwa ta ka, da wata aba mai hannu takwas. Yaran sun haddace su tsaf. Amma ka tambaye su sunan kifin da aka sa musu a miya jiya, sai su zuba maka ido.

Bayan mun wuce Ambursa na sa direba ya tsaya gindin wani gawo a bakin gona. Gonakin duk sun bushe, sai karan dawa, shi kuwa gawo kore shar. Haka yake: da damina ya kaɗe ganye, da rani ya tofo, shi ya sa manomi ba ya sare shi, don ba ya yi wa gero inuwa, ganyensa kuma taki ne. Ban yi musu wannan bayanin duka ba. Na bar su suka tsinci 'ya'yansa masu lanƙwasa, suka girgiza suka ji ƙara, wata akuya ta zo ta ƙwace na hannun autar aji. An sha kuka, amma yanzu babu wanda bai san abincin akuya ba.

Da muka doshi Argungu sai fadama ta buɗe. Injinan ban ruwa na ta tatata, maza sun sunkuya cikin laka suna dashen shinkafar rani. Wani manomi ya ciro mana damin iri, na wanke saiwar a kwalbatin ruwa na raba wa kowa tsiro ɗaya. Wani yaro mai shegen surutu ya juya nasa sama da ƙasa, ya ce, "Anti, ina shinkafar take?" Ashe a wurinsa shinkafa daga buhu take fitowa.

Gidan tarihin Kanta leƙawa kawai muka yi. Ginin na Sarki Yakubu Nabame ne tun 1831, an mai da shi gidan tarihi a 1958, ga tambura da masu da takubba. Wuri ne na manyan ɗalibai. Ɗan shekara huɗu da aka ce kada ya taɓa komai ba ya daɗewa a ɗaki.

Bakin ruwan Matan Fada mun same shi shiru, ba kiɗa ba taro. Nan ne ake bikin kamun kifin da aka faro a 1934, lokacin ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, wanda UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2016. A bikin 2020 kifin da ya ci gasa kilo 78 ne, ya fi yara huɗu na ajina nauyi idan an haɗa su. In ba lokacin biki ba, ba a su a wurin, sai da izinin Sarkin Ruwa. Don haka gaba muka yi, inda wani dattijo masunci, kawun ɗaya daga cikin iyayen, yake jiranmu da kwale-kwalensa a ɗaure.

Na durƙusa na gaishe shi. "Baba, ga jikokinka na kawo maka."

"Madalla, ɗiyata. A ja su baya kaɗan, gaɓar nan tana da santsi."

Ya ajiye babban baho a kan yashi, nesa da ruwa, ya juye abin da ke cikin gorarsa. Tarwaɗa ya fara kamawa, ya riƙe ta ta bayan kai, ya ce kowa ya zo ya shafa. Da farko tsoro, sai autar nan ta miƙa yatsa ɗaya, ta ce, "Yauƙi, irin na kuɓewa!" Shi ke nan aka yi caa. Muka ƙirga gashin bakinta tare, guda takwas, lissafin ranar ke nan. Baba ya ce da su take laluben abinci a ƙasan ruwa inda ido ba ya aiki. Sai ya ɗauko karfasa, ya sa suka shafa ɓawonta daga kai zuwa wutsiya, sannan suka shafa baya-baya suka ji kaushi. Ya ɗaga murfin gefen kanta suka ga jan abin da take numfashi da shi yana motsi. Da ya ce uwar karfasa a baki take goyon ƙwanta har su ƙyanƙyashe, wata yarinya ta kalli mamarta ta rufe baki da hannu biyu.

Ƙurungu bai bari an taɓa ba saboda ƙayarsa, ya dai kara musu shi a kunne suka ji yana gurnani. Minjirya kuwa labarinta kawai ya bayar, kifin da ke jan mutum kamar wutar lantarki, ya ce ko babba ba ya son gamuwa da ita a cikin homa.

Ni abin da ya tsaya mini shi ne gaiwa. Ya nuna mana wani gurbi da ruwa ya janye, laka ta tsattsage, ya ce ƙarƙashin irin wannan wuri take kwanciya. Idan ruwa ya ƙafe sai ta nutse cikin taɓo, ta naɗe, ta lulluɓe jikinta da majinarta, ta bar 'yar kafa ta shaƙar iska, tana nan wata da watanni har damina ta sauka. Yara suka kwanta rub da ciki suna leƙa tsagar laka, wani har yana sallama. Na yi shekaru ina koyar da "abu mai rai da marar rai" da alli, ban taɓa ganin sun natsu haka ba.

A wani ɗan tafki kusa, Baba ya shiga zuwa gwiwa ya tumɓuko bado, doguwar igiyarsa har da tushen da ake ci, sannan ya kwaso kainuwa da hannu ɗaya, saiwarta na reto ba ta riƙe da komai. Dashen Allah ke nan. Yara suka ɗiga ruwa a kan ganyenta, ruwan ya dunƙule ya gangare bai jiƙa shi ba.

Mai surutun nan ne ya tuna da littafi. "Baba, ina kifi mai feshi?"

Baba ya kalle ni, na ce wannan sai teku. Na ɗauki tsinke na ja layi a yashi: gulbin nan ya gangara ya faɗa Neja, Neja ta wuce Yauri, ta haɗu da Binuwai a Lokoja, ta je ta zube a teku inda ruwa ke da gishiri. Suka bi layin da yatsu har ƙarshensa, ɗaya ya debo ruwa a murfin gora ya zuba a farkon layin ya ga ko zai kai.

Mun dawo da kainuwa uku a bokiti, da kaya sharkaf da laka, abin da wasu iyaye ba su yafe mini ba har ranar Litinin. Yanzu maganar Yauri ake yi, su ga Neja da idonsu. Na ce sai an samo rigar ruwa daidai jikin kowane yaro, kuma ba mai shiga jirgi.