Filina ne, amma wai sai na nemi izini

Ranar da na je na tarar da jan fenti a jikin katangata, ƙaton kuros haka da rubutu a ƙasansa wai a dakatar da aiki, abin da ya fara fita daga bakina shi ne "a filin nawa?" Birkilan da ke min aiki yana zaune kan bulo ya rafka tagumi, ya ce oga ai tun da safe ma'aikatan tsara birni suka zo su uku, ko doguwar magana ba su yi ba, tef kawai suka ja daga bakin kwalta zuwa inda muka haƙa fandisho, suka rubuta abin da za su rubuta, suka ce mai wurin ya same su a ofis.

Laifin nawa shaguna ne. Shi gidan yana da izini, zanen da aka buga wa hatimi yana hannuna, to da aka zo kewayewa sai na ga sarari a gaba yana kallon titi, na ce haba wannan ai asara ce a bar shi haka, bari a fitar da shaguna uku ko kuɗin haya ya riƙa toshe wata kafa. Ba sa cikin zanen. Ni dai a wurina ƙari ne kawai, kamar ka ƙara bayi a tsakar gida.

Na shiga ofishin tsara birni da zafina, takardar mallaka a hannu ina kaɗa ta kamar wadda za ta raba gardama. Wani dattijo ne a teburin, ya bar ni na gama bambamina tsaf sannan ya warware wata taswira duk launi-launi, ya ɗora biro a kan unguwarmu. Ya ce "Malam, wannan takardar taka cewa ta yi filin naka ne, kuma babu mai ja. Amma nuna min inda ta ce ka yi abin da ka ga dama da shi." Na ce ranka ya daɗe to mene ne amfanin mallakar? Sai ya yi dariya ya ce in zauna.

Ashe laifi biyu na yi ba ɗaya ba. Na farko, an ware yankin ne don gidajen zama, shago kuwa kasuwanci ne, in kana so ka mayar da wani ɓangare na gida wurin sana'a sai ka nemi canjin amfani a rubuce, su duba, wani lokacin har maƙwabta a ji ta bakinsu. Na biyu kuma shi ya fi ba ni haushi, wannan sararin da nake gani kamar ɓarna da gangan aka bar shi. Akwai tazarar da dole gini ya ja baya daga titi, da ta gefe tsakaninka da maƙwabci, da ta baya, saboda iska da haske, saboda gobara kar ta tsallaka, saboda lambatu da bututun ruwa da falwaya, da kuma ranar da za a faɗaɗa titin. Filin naka ne har bakin turken safiyo, amma wannan zirin sai dai ka shuka bishiya ko ka ajiye mota. Ban da wannan akwai iyakar hawa nawa za ka ɗora, da kashi nawa na filin gini zai cinye, da wurin fakin in wurin jama'a ne, sai kuma wuraren da sam ba a gini ko da takardarka ta zinare ce, irin su ƙarƙashin babbar wayar wuta da hanyar ruwa.

Da na koma gida haushi ya sa na shiga intanet ina neman wanda ya ƙirƙiro wannan fitina ta dokar raba gari yanki-yanki. Abin mamaki, masu dukiya ne da kansu suka nema. A Niyok ta Amurka an gama wani gini mai suna Equitable a 1915, hawa kusan 40, ya miƙe sambal daga bakin titi ba tare da ja da baya ko taku ɗaya ba, inuwarsa ta rufe gine-ginen da ke kewaye, ofisoshin mutane suka koma duhu da rana tsaka. Ga kuma masu manyan kantuna suna kuka da masana'antun ɗinki da ke matsowa kusa da su. A 1916 birnin ya fitar da dokar da ta raba shi yanki-yanki, ta kuma ce gini in ya kai wani tsawo dole ya riƙa tsukewa yana hawa, shi ya sa tsofaffin dogayen benayensu suke kamar matattakala, har da shahararren benen nan Empire State.

Kuma ba ni na fara cewa "a filin nawa?" ba. Wani kamfanin filaye, Ambler, yana da eka 68 a wani ƙaramin gari Euclid kusa da birnin Kilibland a jihar Ohayo ta Amurka, yana jira ya sayar wa masu masana'anta, kwatsam garin ya yi doka a 1922 ya ce wani ɓangare na filin na gidajen zama ne. Kamfanin ya ce an karya masa darajar fili ba tare da diyya ba, aka yi ta shari'a har kotun ƙoli, a 1926 alƙalai 6 cikin 9 suka ba garin gaskiya. Da na karanta wannan sai na ɗan ji sanyi, mai eka 68 da lauyoyi bai ci ba balle ni da shaguna uku. Ingila ma ta fi haka tsanani, tun dokarsu ta 1947 mallakar fili daban, 'yancin gina shi daban, sai hukuma ta ba ka.

Duk da haka ban sauko ba sai bayan wata biyar, lokacin da mai kangon da ke manne da bayana ya ba wasu haya za su girke injin buga bulo da ƙaton janareta. Daidai tagar ɗakin yara. Kun san wa ya fara zuwa ofis kai ƙara? Wallahi ni ne. Dattijon nan ya ɗago ya kalle ni ta saman tabarau ya ce "A'a Malam, ai filinsa ne." Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Taswirar da ta hana ni ita ta hana su, launi ɗaya muke ciki.

Amma fa kar a ɗauka na zama ɗan kanzagin dokar, har yanzu ina da ƙorafi kuma mai yawa. An sha amfani da ita wajen zalunci ƙiri-ƙiri, a Amurkan ma akwai garuruwan da suka raba unguwanni da launin fata har sai da kotun ƙoli ta soke irin wannan a 1917 a shari'ar garin Luwibil, daga baya kuma aka koma yin abin a fakaice, a ce fili kar ya gaza girma kaza, gida ɗaya iyali ɗaya, ka ga ai an kori talaka ba tare da an ambaci sunansa ba. Gidaje su yi ƙaranci, haya ta yi tashin gwauron zabi. Shi ya sa birnin Miniyapolis na Amurka a 2018 ya amince a daina ware unguwanni don gidan iyali ɗaya kaɗai. Sannan ga Hustan a Tekzas, ƙaton birni da mutanensa suka ƙi irin wannan doka a ƙuri'a har sau uku, 1948 da 1962 da 1993, kuma bai rushe ba, ko da yake can ma ba sakaka ba ne, sharuɗɗan suna cikin takardun cinikin filayen unguwa, ga dokokin yanka filaye da na fakin.

Ni tsarin Japan ne ya fi kwanta min. Dokar ƙasa ɗaya ce, nau'in yanki 13 kacal, kuma ko a yankin da ya fi kowanne tsanani na gidajen zama an yarda ka buɗe ɗan shago ko ofis a jikin gidanka muddin bai wuce murabba'in mita 50 ba. Wato abin da suke aunawa shi ne yawan damun da za ka yi wa maƙwabta. Mai ɗinki da keke ɗaya ai ba ɗaya yake da injin bulo ba, ban ga dalilin da za a zuba su a kwando guda ba. Da a can nake da ƙila shago ɗaya ya tsira, in na ja shi baya.

Na dai cike fom ɗin canjin amfanin, aka zo aka duba, aka ce titin ya yi ƙanƙanta da tsayawar motoci, ba a ba ni ba. Na sa aka cike ramin fandishon, bulon da ya rage aka ja katanga da shi a inda tef ɗinsu ya nuna.

Kwanaki ƙanena ya kira ni yana rawar jiki, dillali ya samo masa fili kan kwana, ana ta azalzalarsa wai akwai wani mai so, yau ko gobe. Na ce kar ka ba da ko sisi, karɓo lambar filin mu je wurin mutumina. Dattijon ya warware taswirar tasa, ya bi layi da biro a hankali, ya tsaya. Kusan rabin filin yana cikin titin da aka zana za a fitar nan gaba. Da ƙanen nawa ya kira dillalin ya faɗa masa, sai cewa ya yi ai wannan titin tun yana yaro ake maganarsa, sannan ya tambaya ko muna da wani mai so.