Yadda Tankin Ruwa Ya Sa Na Sake Zanen Sito a Filin Jirgin Kano

Sana'ata zanen gine-gine ce, kuma na daɗe ina zana gidaje da shaguna a cikin Kano kafin wani ɗan kasuwa mai fitar da kaya waje ya kira ni, ya ce ya samu hayar fili a harabar filin jirgin sama na Malam Aminu Kano, yana so in zana masa sito da ɗan ofis a gefe. Ya shimfiɗa takardar hayar a kan tebur, ya ce, "Malam, ai magana ta ƙare, filin na gwamnatin tarayya ne kuma sun ba ni, kai dai ka zana mu sa harsashi kafin damina." Na ce, "To Alhaji, Allah Ya sa albarka," domin ni ma a ranar na ɗauka cewa takardar ta wadatar.

Ba ta wadatar ba. Hukumar FAAN ce ke kula da filayen jiragen sama na tarayya, ita ce mai fili, amma ba da haya daban, izinin gini daban. Harkar jiragen sama tana hannun tarayya bisa tsarin mulki, sai dai tun 2003 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci, a ƙarar da jihar Legas ta shigar, cewa tsara birane da ba da izinin gini hurumin jihohi ne. Saboda haka zanen namu sai ya bi ta hukumar tsara birane ta jiha, wato KNUPDA, domin a duba harsashi da rodi da magudanar ruwa da hanyar shigar manyan motoci, sannan ya je hukumar NCAA, mai sa ido kan harkar jiragen sama a ƙasar nan, domin takardar amincewa da tsayin gini, yayin da hukumar NAMA, mai kula da sararin samaniyar ƙasar, ke da ta cewa a kan duk abin da zai iya dagula na'urorin da ke yi wa jirgi jagora wajen sauka.

Kuskurena ya fito ne wajen tsayi, kuma ba ni da wanda zan ɗora wa laifin sai kaina. Na zana sito mai tsayin mita 10, na kafa tankin ruwa a kan ƙarafa a bayansa ya kai mita 13, kamar yadda muke yi a kowane gini a garin nan. Wani dattijon safiyo da muka ɗauka ya auna filin, da ya dubi zanen sai ya ɗora yatsa a kan tankin ya ce, "Ɗana, daga ina ka fara ƙirga wannan tsayin?" Na ce daga ƙasa. Ya girgiza kai ya ce jirgi bai san ƙasar fulotinmu ba, titinsa ya sani.

A nan ya zaunar da ni ya buɗe mini abin da ke cikin kundi na 14 na ƙa'idojin hukumar ICAO, mai kula da harkar jiragen sama ta duniya, waɗanda Najeriya ke aiki da su. Kewaye da kowane titin jirgi akwai wani rufi da ido ba ya gani, wanda bai halatta gini ya huda shi ba. A gefen babban titin jirgi, rufin yana tashi ne da mita 1 a kowace mita 7 da aka yi nesa da bakin filin kariyar titin, har ya kai mita 45, daga nan ya miƙe a shimfiɗe zuwa nisan kilomita 4. Ta bakin da jirgi ke sauka kuwa abin ya fi tsanani, mita 1 ce a kowace mita 50. Kusurwar da na sa tankin tana da nisan mita 84 daga bakin filin kariyar titin, wato iyakarmu mita 12, kuma awon dattijon ya nuna cewa fulotin ya ɗara titin tudu da fiye da mita guda. Ashe tankin ya huda rufin da sama da mita 2, shi kansa siton da ƙyar ya sha. Da mun kai zanen a haka, da an dawo mana da shi, da kuwa mun yi gaggawar ginawa kafin amsa ta fito, da rushewa ce makomarsa.

Na sauko da tankin ƙasa na haɗa shi da famfo mai inji, na sauya kwanon rufi mai ƙyalli da wanda ba ya walƙiya, domin hasken rana da ke dawowa daga farin kwano yana iya kashe idon matuƙi ko na ma'aikacin hasumiya. Har injin ɗaga kaya da za mu yi haya na mako biyu sai da muka nema masa izini na musamman, tunda tsayinsa ya ninka na ginin.

Abin da ban taɓa kawowa a raina ba shi ne tsuntsaye. Na tsara kududdufin tara ruwan sama a bayan siton, na jera itatuwan mangwaro domin direbobi su samu inuwa, ina ganin na kyauta. Duka biyun aka ce in cire, saboda ruwan da ya kwanta yana kiran balbela, 'ya'yan itace suna kiran jemage, kuma tsuntsu ɗaya ya isa ya lalata injin jirgi. Masana harkar suna duba irin waɗannan abubuwa har nisan kilomita 13 daga filin, nisan da a Kano ya haɗiye unguwanni da kasuwanni da mahauta masu yawa. A nan ne na fahimci nauyin da ke kan ƙaramar hukuma, wadda a da nake ɗaukar sa hannunta a matsayin cika ƙa'ida kawai. Duba-garin da ya zo ganin wurin bai tambayi rodi ko siminti ba, tambayarsa ita ce ina masu sayar da abinci za su zauna idan direbobi suka fara taruwa a ƙofa, kuma wa zai riƙa kwashe shararsu. Jujin da ke tara shirwa da hankaka ba a cikin shingen filin jirgi yake tasowa ba, a bayan katanga yake tasowa, inda ikon hukumomin jiragen sama bai kai ba sai na duba-gari da mai unguwa.

Alhaji ya ji zafin jinkirin, domin damina ta riske mu ba mu sa bulo ko ɗaya ba, har ya ce da ni ana wahalar da mai son kawo arziki. Ban yi masa gardama a kan asarar da ya yi ba, amma na tuna masa ranar 4 ga Mayun 2002, lokacin da jirgin kamfanin EAS ya kasa ɗagawa bayan tashinsa daga wannan fili, ya faɗa kan gidajen Gwammaja, mutane fiye da 100 suka rasu, cikinsu har da waɗanda ke zaune a ɗakunansu. Ba dogon gini ne ya jawo wannan hatsari ba, sai dai duk wanda ya ga unguwar a ranar ya san cewa jirgin da ya samu matsala wajen tashi yana bukatar kowace mita ta sararin da aka keɓe masa. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Allah Ya jiƙansu. A sauke tankin."

Mun kammala ginin bayan damina ta wuce, da jar fitila a kan ƙololuwar rufin da rufaffiyar kwata da ke kai ruwa babbar magudana. A cikin ayyukan da na rubuta wa maigadin wurin, na farko shi ne ya ɗaga kai bayan sallar magariba ya tabbatar fitilar tana ci.