Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Ni da Yayap a Bakin Janareta

Makon jiya na tsaya a inda ɗan Kawu ya zo hutu daga Ingila a ƙarshen 2004. Masu tambaya ko mun shirya da shi, mun shirya mana, jini ɗaya ne. Amma shiri bai hana a faɗi abin da ya faru ba.

Cikin kayansa akwai na'urar gem ta Xbox, baƙa wuluk, nauyi kamar bulo. A lokacin gidajen gem na unguwarmu a Zariya duk PlayStation ne, ƙwallo kawai ake bugawa, sai ga shi da wani wasan yaƙi wai shi Halo. Hannun gem biyu ne, ɗaya nasa, ɗaya na abokansa. Ni kuwa aikina sayo fetur a galan da gadin janareta a bayan ɗaki, don an taɓa sace na maƙwabta. Ta taga nake jin harbi da ihu. Idan na ce uffan a hirarsu sai ya ce, "Kai yi mana shiru, gani ya kori ji." Maganar Inna ce wannan, Allah ya jiƙanta. Ita a kan binciken aure da farashin hatsi take faɗinta, shi ya ɗauko ya mai da ita bulala.

Ranar da zai koma ya kulle na'urar a ɗakin Kawu, ya cillo mini wani littafi da ya saya bai karanta ba. The Flood, na William C. Dietz, bugun 2003, labarin wasan ne aka mai da shi littafi. Da ƙamus na karanta shi, wata biyu cur. A nan na san cewa a shekarar 2552 ake yaƙin, jirgin sararin samaniya Pillar of Autumn na Kyaftin Keyes ya gudo daga rundunar Covenant, halittun wasu duniyoyi masu yaƙar ɗan Adam, ya faɗa kan wata duniya mai siffar zobe. Na san sojan nan Master Chief, jarumin wasan, da Cortana, manhajar kwamfuta da ke masa magana a cikin kwalkwali. Na san Jenkins, ƙaramin sojan da annobar Flood ta shiga jikinsa amma hankalinsa bai gushe ba, yana ji yana gani jikinsa na aikin wani. Kwana biyu ban yi barcin kirki ba saboda shi.

Amma nawa shi ne Yayap. Ɗan guntun halitta ne daga ɓangaren abokan gaba, irin waɗanda ake turawa gaba su mutu. Ya jawo wani babban hafsa da ya ji rauni, Zuka 'Zamamee, don kawai ya samu dalilin tserewa daga fagen fama, sai ladarsa ta zama an naɗa shi yaron hafsan. Duk inda maigida ya nufi halaka, shi ne a baya da kaya. Kun dai gane.

Bayan an kwana biyu na je kafen intanet, irin na kwana da ake biyan kuɗin dare, na nemi abin da Turawa masu son wasan ke cewa. Na ɗauka yabo zan tarar. Ashe littafin nan shi ne saniyar ware. Suna cewa ya cika maimaici, a harba, a sake loda bindiga, a buɗe ƙofa, a sake harbi. Suna cewa Master Chief ɗinsa ba shi ne na Eric Nylund ba, wanda ya rubuta littafin Halo na farko, The Fall of Reach, a 2001 cikin mako bakwai. Har Asuba ina karantawa raina na ɓaci kamar ana zagin ubana. Na rubuta musu raddi da Turancina na aji biyar, ba wanda ya tanka. Gani ya kori ji, su sun riƙe hannun gem, ni daga takarda na sani.

Dietz ɗin nan ma dai yana da farin jinin tsiya wajen irin mutanen nan. A 2012 da ya rubuta Mass Effect: Deception, littafin wani wasan daban, masoya wancan wasan sun haɗu sun jera kurakuransa ɗaya bayan ɗaya har sai da kamfanin BioWare mai wasan ya ba da haƙuri. Lokacin na yi aure, a waya na gani, na yi dariya ni kaɗai har maiɗakina ta tambaye ni lafiya.

Ban taɓa wasan da hannuna ba sai ina bautar ƙasa. Da na kai wurin da suke kira Library, ɗakuna iri ɗaya, dodanni iri ɗaya, na yarda suna da 'yar gaskiya: abin da yatsa ke jin daɗinsa, ido kan gaji da shi a takarda. Amma na buga har ƙarshe ina neman Yayap ban gan shi ba. Babu shi a wasan. Ɗan Kawu da abokansa, da duk ganinsu, ba su san da shi ba. Da Inna na raye da na kai mata ƙara.

Bara ɗan Kawu ya kira ni wai ɗansa ya fara son Halo, ko littafin nan yana nan? Na ce, "Yaya, wane littafi?" Yana nan a ƙasan akwatina, bangon ya yage, shafi na farko da tabon baƙin mai.

Mako mai zuwa zan ba ku labarin rabon gadon Kawu, da yadda aka yi da Xbox ɗin.