Kwana Tara a Doha

Alhamdu lillahi, jiya na dawo daga ƙasar Katar bayan kwana tara, kuma abin da ya fi zauna mini a rai shi ne Suƙ Waƙif, tsohuwar kasuwar birnin Doha. Da rana zafi ba ya barin kowa ya yi yawo, amma da zarar an idar da sallar magariba sai lungunanta su cika da jama'a, ƙamshin turaren wuta da kayan yaji ya gauraye ko'ina. A can na ga sashen da ake sayar da shaho, har da asibitin da aka keɓe wa waɗannan tsuntsaye, domin farauta da su gado ne da mutanen ƙasar ba su yar ba duk da arzikin iskar gas da Allah ya hore musu.

Wani dattijo ya gayyace mu majalisarsa, aka zuba mana gahawa a ƙaramin finjali tare da dabino. Sai da na sha sau huɗu kafin abokin tafiyata ya raɗa mini cewa idan mutum ya ƙoshi, girgiza finjalin yake yi da hannun dama, in ba haka ba za a ci gaba da ƙara masa.

Na kuma shiga gidan adana kayan tarihin Musulunci da aka buɗe a 2008 a bakin teku. A hanyar komawa masauki, jirgin ƙasan cikin birni cike yake da ma'aikata baƙi daga Indiya, Nepal da ƙasashen Afirka, waɗanda suka fi 'yan ƙasar yawa nesa ba kusa ba, kuma gajiyar da na gani a fuskokinsu ta taɓa mini zuciya ƙwarai.