Malam buɗe littafin nan mai gaggawa, daga ina ya fito?

Akwai wasu 'yan ƙananan malam buɗe littafi masu ruwan ƙasa da ake gani a bakin fadama ko cikin gonar shinkafa, jiki a murɗe, kai babba, ido ƙato, su ba sa tashin yangar nan da sauran ke yi, fir kawai za ka ji, kafin ka zaro waya ka ɗauki hoto ya dira can wani wuri. Masana na kiran danginsu Hesperiidae, sun haura iri 3,500, kuma in Allah ya sa ɗaya ya natsu ka dubi 'yan ƙahonnin kansa za ka ga bakinsu a lanƙwashe kamar ƙugiya, da wannan ake gane su.

Ni abin da ya fi ɗaure min kai a tarihinsu shi ne, mafi tsufan malam buɗe littafi da aka taɓa samun sawunsa a jikin dutse ɗan gidansu ne, kuma fa ba a dajin Amazon ko Kongo aka tono shi ba, a Denmak! Ya kai shekara miliyan 55, wani masani Rienk de Jong ne ya yi bayaninsa a 2016 ya sa masa suna Protocoeliades. To 'yan uwansa na kusa a yau galibi suna wurare masu zafi na Afirka da Asiya da Ostireliya, ɗaya ma daga cikinsu, ƙaton nan Pyrrhochalcia iphis, yana nan a kurmin kudancin Najeriya. Wato dai a wancan zamanin Turai ma zafi ake yi sosai, da duniya ta yi ta hucewa sai reshen ya ƙare a can, ya rage a inda ɗumi bai gushe ba.

Asalin asali kuwa, wani babban bincike na ƙwayoyin halitta da ya fito a 2023 ya nuna dukkan malam buɗe littafi sun faro ne a nahiyar Amurka wajen shekara miliyan 100 baya, tsutsarsu na cin ganyen dangin wake. Har yanzu kuma tsakiya da kudancin Amurka ne suka fi yawan ire-iren waɗannan masu gaggawar.

Amma a ganina ciyawa ce ta yi musu rana. Wani reshe nasu ya bar ganyen itatuwa ya koma cin ciyawa da su kwakwa, da filayen ciyawa suka yi ta faɗaɗa a duniya sai shi ma ya yi ta rassa, yau ya kai wajen rabin dangin gaba ɗaya. Ita tsutsar wayo gare ta, naɗe ganye take yi ta ɗinke shi da zaren bakinta ta shige ciki, kashinta ma harba shi take yi nesa don kada wari ya jawo mata maƙiya. Wanda ake kira Pelopidas mathias tun daga Afirka har Japan ana samunsa, kuma shinkafa na cikin abincinsa.

Yanzu kam mutane ne ke ƙarasa musu tafiyar. Akwai na ayaba, Erionota thrax, ɗan kudu maso gabashin Asiya, ya ɓulla a Hawai a 1973, ya shiga Papuwa Niyu Gini a 1983, tsutsarsa na yanka ganyen ayaba tana naɗewa har gona ta koma tsumma, a ƙasar da ayaba abinci ce ta yau da kullum. Ba feshi ne ya yi maganinsa ba, wani ɗan mitsitsin zanzaro aka shigo da shi, mai saka ƙwai a jikin tsutsar, 'ya'yansa su cinye ta daga ciki, da haka ɓarnar ta lafa.