Ranar da na tambayi Baba wa ke biyansa albashi

Ranar Talata, 26 ga Yulin 2022, na fito tun da sassafe na nufi inda aka ce a taru. Mu malaman jami'a 'yan ƙungiyar ASUU mun shiga wata na shida muna yajin aiki, tun daga 14 ga Fabrairu, gwamnati kuma ta riƙe mana albashi bisa dokar ba aiki ba biya. Ƙungiyar ƙwadago ta NLC, a lokacin Ayuba Wabba ke jagorantarta, ta kira zanga-zangar kwana biyu a faɗin ƙasa don mara wa ma'aikatan jami'o'i baya. Abin da na gani a titi ya taɓa ni ƙwarai. Ga malaman firamare, ga ma'aikatan asibiti, ga na ƙananan hukumomi, mutanen da albashin wasunsu bai kai kwatan nawa ba, sun bar harkokinsu suna tafiya cikin rana saboda mu. Wata ma'aikaciyar jinya da muka jera da ita ta ce min ɗanta na aji uku a jami'a, yana gida yana zaman kashe wando, amma ta san abin da ya ci Doma ba ya barin Awai.

Da la'asar na biya ta ofis don ɗauko wasu littattafai. Harabar jami'a tsit, ciyawa ta kai gwiwa. A gindin darbejiyar da ke bakin sashenmu na tarar da Baba mai shara yana zaune, tsintsiyarsa a jingine da bango. Muka gaisa.

"Malam, an dace kuwa?" ya tambaye ni.

Na ce muna dai fata. Sai na tambaye shi me ya kawo shi, tunda ba ɗalibai ba malamai. Ya ce yakan leƙo ne ko zai yi katarin haɗuwa da wakilin ɗan kwangila, domin tun kafin mu fara yajin aiki suke bin bashin albashi, da aka rufe makaranta kuwa sai abin ya tsaya cak.

Shekaru da dama Baba na share min ofis. Na san garinsu, na san yana fama da ciwon gwiwa, nakan ba shi goron sallah. Amma har ranar ban taɓa tambayar wa ke biyansa ba, nawa ake biyansa, ko yana da takardar ɗaukar aiki. Na ɗauka ma'aikacin jami'a ne kamar ni. Ashe tun gyare-gyaren aikin gwamnati na zamanin Obasanjo aka miƙa shara da gadi da yankan ciyawa ga 'yan kwangila a yawancin hukumomin tarayya. Baba ba ya cikin ASUU, ba ya cikin SSANU ko NASU, ƙungiyoyin ma'aikatan jami'a da ba malamai ba. Ba fansho, ba garatuti, ba ƙungiyar da za ta buɗe baki a kansa. Da safe na yi ta rera waƙar haɗin kan ma'aikata a titi, da yamma na gano mutumin da ya fi kusa da teburina ba shi da kowa.

Mu a ASUU muna alfahari da tarihinmu, kuma akwai abin alfahari. An kafa ƙungiyar a 1978, shekarar da NLC ta yanzu ta tsaya da ƙafafunta ƙarƙashin Hassan Sunmonu. Su marigayi Mahmud Tukur, masanin tarihi na Zariya kuma tsohon shugaban ASUU, ba su ɗauki malamin jami'a wani shafaffe da mai ba. Ma'aikaci ne mai sayar da guminsa, wurinsa na cikin 'yan ƙwadago. Bayan kisan ɗalibai a Zariya a watan Mayun 1986, NLC ta Ali Ciroma ta shirya fitowa zanga-zanga, sojoji suka kama shugabanninta, gwamnatin Babangida kuma ta raba ASUU da NLC da ƙarfin doka. A 1988 aka haramta ASUU baki ɗaya, aka tsare jagororinta su Attahiru Jega da Festus Iyayi. Iyayi ɗin nan a kan hanyar zuwa taron ƙungiya a Kano ya rasu a haɗarin mota, a Nuwamban 2013. Duk wannan nakan karanto wa sababbin malamai. A daren nan na kasa barci, ina tunanin yadda zan haɗa wannan tarihi da Baba a gindin darbejiya.

Ina cikin kwamitin walwala na reshenmu, don haka washegari na kai maganar gaban 'yan kwamiti. Abin da muka fara yi shi ne kuskurenmu na farko. Muka yi karo-karo a tsakaninmu, duk da cewa kowa na cikin matsi, muka sayi masara da shinkafa da man girki, muka aika a kira masu shara da masu gadi. Suka zo, muka raba, suka yi ta addu'a. Ana watsewa Baba ya ja ni gefe.

"Malam, Allah ya saka da alheri, Allah ya raya zuri'a. Amma wannan sadaka ce. Kuɗin guminmu fa?"

Ban sami abin cewa ba. Ya yi gaskiya. Mun tausaya musu, mun kuma zaɓi hanyar da ba za ta haɗa mu faɗa da kowa ba. Ni kaina da wani zai kawo min kwanon masara a madadin albashina na watanni, zan karɓa don yara su ci, amma ba zan ce ya tsaya min ba.

Daga nan muka sake lale. Aiki na farko shi ne sanin gaskiyar lamarin dalla-dalla: su nawa ne, wane kamfani ya ɗauki wa, wata nawa kowa ke bi, nawa aka yi alkawari, nawa ke shiga hannu. Na sayi babban littafi mai bango, muka riƙa zama a gindin bishiyar nan muna rubutawa. Nan na ga irin tsoron da ke zuciyar wanda ba shi da takarda. Ni idan na yi magana a taron ƙungiya, ba mai korata gobe. Su kuwa kalma ɗaya daga bakin mai kula da su ta isa a ce kada su sake zuwa. Maza ƙalilan ne suka yarda a rubuta sunansu a makon farko. Mata masu sharar ɗakunan kwanan ɗalibai, waɗanda su ne suka fi yawa kuma da yawansu zawarawa ne masu riƙe da marayu, ko kusa da mu ba su zo ba. Sai da wata abokiyar aikinmu ta bi su har gidajensu a unguwannin bayan jami'a, ta zauna a kan tabarma ta sha fura da su, sannan suka saki jiki. Abin da ta dawo da shi ya fi namu yawa da nauyi: ana yankar musu kuɗi idan ɗa ya yi rashin lafiya sun makara, su ke sayen tsintsiya da sabulu daga aljihunsu, wasu kuma dangwala yatsa suke yi a takardar biya ba tare da an karanta musu adadin da ke ciki ba.

Kuskure na biyu kuma mun tafka shi ne da shugabannin ƙananan ma'aikata. Mun kutsa cikin maganar ba mu yi musu sallama ba. Wani dattijo daga cikinsu ya same ni ya ce, "Kwamared, mun daɗe muna kuka a kan mutanen nan ba wanda ya saurare mu. Yau da kuka waiwayo sai ku wuce mu kamar ba ma nan?" Duk wanda ya san jami'a ya san akwai tsohuwar tsama tsakanin malamai da sauran ma'aikata, musamman kan rabon kuɗin alawus idan gwamnati ta saki. Suna ganin muna ɗaukar kanmu 'yan gaban goshi. Na ba shi haƙuri, muka kwashi littafinmu muka kai ofishinsu. Ashe su suka san wanda ke sa hannu a bocar biyan 'yan kwangila, su suka san lokacin da ake sabunta kwangila, su suka san ƙofar da ake bugawa. Daga ranar su ke gaba, mu muna biye.

Inda muka yi amfani na haƙiƙa shi ne wurin da iliminmu ya shigo. Wani malamin shari'a ya zauna ya fito da abin da dokar ƙwadago ta tanada: dole mai ɗaukar aiki ya ba ma'aikaci rubutacciyar takardar sharuɗɗan aiki cikin wata uku da farawa. Ya kuma nuna mana ramin da ake bi a dokar mafi ƙarancin albashi ta 2019, wadda ta sa naira 30,000: ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ko masu aikin wucin gadi na 'yan sa'o'i. Sai a rubuta mai shara a matsayin mai aikin rabin yini, alhali tun asuba take duƙe har azahar ta wuce. Wata malamar lissafin kuɗi kuma ta jera abin da ke cikin littafinmu wata bayan wata, har wanda bai yi boko ba zai gane bashin da kallo ɗaya. Muka fassara komai da Hausa, aka karanta musu, suka gyara mana inda muka yi kuskure.

Ba duka abokan aiki ne suka ji daɗi ba. A wani taro wani ya miƙe ya ce mu da ke sayar da motocinmu don mu ci abinci, ina muka ga ƙarfin ɗaukar kayan wasu? Ban ga laifinsa ba, domin na san halin da gidansa ke ciki. Abin da na ce masa kawai shi ne ya tuna fuskokin da suka fito titi a watan Yuli, waɗanda ba ɗayansu da ya tambaye mu me zai samu.

Kotun ma'aikata ta ba da umarnin komawa aiki a watan Satumba, muka janye yajin aikin ranar 14 ga Oktoba, bayan wata takwas cif. Bayan an buɗe makaranta ne muka sami zama da hukuma. Tun farko mun shirya ni zan gabatar da bayani da Turanci. A daren ƙarshe dattijon nan na ƙananan ma'aikata ya ce a'a, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Baba da wasu mata biyu suka shiga ɗakin taron da suka yi shekaru suna gogewa ba su taɓa zama a kujerarsa ba. Baba ya cire takalmi a bakin ƙofa. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ba roƙo muka zo ba." Ya lissafa watannin da yatsunsa, ya faɗi bashin da mai shago ke binsa, ya yi shiru. Mu namu bai wuce miƙa takarda ba duk lokacin da aka nemi hujja.

An biya wani ɓangare na bashin kashi-kashi, aka kuma amince a riƙa tura kuɗinsu ta asusun banki maimakon a hannu. Takardar ɗaukar aiki har yau ba su samu ba. Abin da ya fi ci min rai shi ne, da aka sabunta kwangila, ba a kira matan nan biyu da suka yi magana ba. Mun sa su a gaba ba mu fara neman a rubuta cewa ba za a taɓa wanda ya ba da shaida ba. Wannan sakaci namu ne, mu da muka san yadda abubuwan nan ke tafiya. Da ƙyar muka samu aka mayar da ɗaya. Ɗayar tana tuyar ƙosai yanzu a bakin ƙofar jami'a, nakan tsaya mu gaisa, ba ta taɓa yi min gori ba.

A farkon 2024 aka biya malamai albashin wata huɗu daga cikin takwas ɗin da aka riƙe, aka bar 'yan SSANU da NASU. A watan Maris suka tafi yajin gargaɗi na mako guda, aka rufe ofisoshi, ruwa da wuta suka ɗauke. Na ji wasu a cikinmu suna gunaguni cewa an hana su aiki. Da safe na ajiye mota a waje na je na zauna tare da su a bakin ƙofa. Dattijon ya matsa min a kan benci, ya tambaye ni ko littafin nan mai bango na nan, don an kawo sababbin masu gadi kuma ba wanda ya rubuta sunayensu tukuna. Na ce yana cikin durowa, zan kawo shi gobe.